Garke Ba Makiyayi

Masu ta turo mini saƙo wai in faɗi sunan mutumin nan, ku ƙara haƙuri da ni kaɗan. Ni Zaituna 'yar Jega ce, rainon kaka, kuma tun ranar da danginsa suka kawo gaisuwa gidanmu kakata Gudiya ta kama kunnena ta murɗe, ta ce daga yau sunan nan ya fi ƙarfin bakina. Ita har kakanmu ya koma ga Allah ba ta taɓa kiran nasa ba. Na yi dariya, ina taƙama da cewa ni ɗalibar ilimin kwamfuta ce a sabuwar jami'ar Aliero, amma sai ga abin ya kama ni da gaske. Ko a wayata Mai Shago na sa masa, don haka ku ma da wannan za ku san shi.

Shagonsa yana layin masu waya a bakin kasuwar Jega. Shekarun nan ne da wayar Chana ta cika gari, kowa da memori a ciki, cike da hotuna da wa'azi da waƙe-waƙe, kuma memorin ba ya da wuyar lalacewa. Mai Shago ya rubuta wata manhaja da hannunsa wadda ke shiga cikin memori ta gyara tsarin fayilolinsa, ta dawo wa mutum da kayansa. Ya sa mata suna Garke, don shi a bayan shanu ya tashi, a rugarsu da ke kusa da Giwa Tazo cikin ƙasar Maiyama.

Irin wannan manhaja guntu-guntu ake rubuta ta, kowane guntu da aikinsa guda da sunansa, mu a aji fankishin muke ce masa. Masu hankali da sunan aikin suke kiran kowanne. Shi kuwa bawan Allah sai ya bi su da sunayen shanun gidansu. Wanda ke lalubo fayil ɗin da ya ɓace Wule ne, don saniyarsu Wule ce ke fara jin ƙanshin ruwa. Mai jera folda Raneye. Wanda kuma ke share teburin memori gaba ɗaya, wato wurin da aka rubuta inda kowane fayil yake zaune, shi ne Baƙin Bijimi. Duk ya cusa su cikin fayil guda mai tsawon da sai yatsanka ya gaji da gangarawa. A gabansu duka akwai guda mai sunansa shi kansa. Aikin wannan shi ne ya kwafe duk abin da ke cikin memori ya ajiye gefe kafin a saki Bijimi, kuma shi kaɗai ke iya kiran Wule. Da na tambaye shi dalili, ya ce ai garke ba ya fita ba makiyayi.

Da hutu ya zo Kaka ta yarda in riƙa zuwa shagon koyon aiki, da sharaɗin ƙofa a buɗe, hijabi har ƙasa. Ranar da na fara karanta Garke na ce masa wannan ai ɗakin gwauro ne, takalmi cikin tukunya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in gyara, dama yana son ko ba ya nan wani ya iya ɗorawa daga inda ya tsaya, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na ji daɗin aikin nan ƙwarai. Na raba dogon fayil ɗin gida-gida, masu karantawa da ɗakinsu, masu rubutawa da nasu, masu ceto da nasu. Sannan na bi shanun ina sauya musu suna. Raneye ta koma jera_folda, Baƙin Bijimi ya koma share_tebur. Duk sunan da ka sauya kuwa sai ka bi duk inda aka kira shi ka gyara, in ka manta wuri ɗaya kwamfuta ta ƙi haɗa manhajar. Shi yana gefe yana gyaran waya, duk saniyar da na taɓa sai ya dafe kai ya ce yau ma an kai masa ɗaya mahauta.

Ranar Laraba da la'asar, ya fita sayo man janareta, na iso kan guntun nan mai sunansa. Abin da ya kamata shi ne in buga sunan in nemo duk inda yake, in goge, in sa kwafi_memori. Na ɗora yatsu a kan kibod suka ƙi motsi. Maganar Kaka tana nan, amma abin da ya fi ta nauyi shi ne in goge sunansa da hannuna alhali an sa mana rana bayan babbar salla. Na ji kamar mugun fata zan yi wa kaina. Kuna iya yi mini dariya, na yarda. Sai na bar shi a tsohon fayil shi da Wule, na ce gobe mai sunan ya ɗauko kansa da kansa. Kwamfuta ta ƙi haɗawa tunda sababbin ɗakunan ba su gan shi ba, ni kuma ina ɗokin ganin aikina ya tashi, sai na sa wa layin da ke kiransa alamar da ke sa a tsallake layi. Nan take ta haɗu, sabon Garke ya hau kan tsohon ya zauna a wurinsa. Na rufe na tafi gida kafin magariba.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Yaya Murtala. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin albasa tsakanin Aliero da Jega, kuma tun rasuwar iyayenmu shi ke riƙe da gidan. Ba mugu ba ne, amma zuciyarsa a kusa take. Wata shekara shanu suka kwana cikin gonar albasarsa a Alelu suka bar masa ƙasa, tun daga nan duk mai sanda a kafaɗa abokin gabarsa ne, ko da kuwa ba shi ya yi ba. Kaka ce ta danne shi aka karɓi gaisuwar Mai Shago, amma ko sallamarsa ba ya amsawa. Abu ɗaya ke sanyaya Yaya a duniya, muryar Innarmu. A jinyarta ta ƙarshe ya ɗauke ta a waya tana sa masa albarka, kuma babu inda muryar take sai cikin memorinsa. A makon nan memorin ya ƙi buɗewa, Yaya ya daina cin abinci sosai.

Ranar Alhamis da sassafe Kaka ta tashe ni wai in wakilce ta suna a Maiyama. Na sa atamfata mai ruwan goro da aka ɗinka mini da salla, na ɗaura kallabi, na yafa farin mayafi, Kaka ta ɗora mini turmin zane da sabulu na barka. A tasha na tura wa Mai Shago saƙo: "Ina kwana. Don Allah kada a taɓa Garke yau sai na dawo, ban gama ba." Wayar ta nuna ya tafi, na jefa ta jaka hankalina kwance. Ban san bayan fitata Kaka ta zaunar da Yaya ta lallashe shi ya kai memorin shagon surukinsa ba, ko Allah zai sa wannan ya zama silar shiri.

Ana raba waina a gidan suna saƙo ya shigo daga Mai Shago: "Albishirinki. Yaya Murtala ya zo shago da ƙafarsa. Ki taya ni addu'a, in na dawo masa da muryar Inna ƙila ya fara amsa mini sallama."

Na karanta, na tuna layin nan da na sa a tsallake. Ashe saƙona bai isa ba. Na kira, sabis ya ƙi. Na sake kira, ya ƙi. Ban yi wa kowa sallama ba, takalmi ma a hannu na fito da shi har bakin titi. Duk tsawon hanyar Maiyama zuwa Jega ina kira ina salati, wata tsohuwa a gefena tana tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Tun daga bakin layin masu waya na hango taro. Daga baya maƙwabcinsa Rabi'u ya ba ni labarin farkon abin. Mai Shago ya ba Yaya kujera, ya sayo masa lemo, ya sa memori ya saki Garke. Bijimi ya share tebur kamar kullum, aka zo mayar da kaya aka tarar ba a kwafi komai ba. Yaya ya sa memorin a waya, ya buɗe lafiya lau, fes, ko hoto ɗaya babu. Rabi'u ya ce Yaya ya mayar da memorin kan tebur a hankali, ya fita wajen mashin ɗinsa ya ɗauko ƙugiyar ƙarfe da yake jan buhun albasa da ita.

Lokacin da na kutsa ciki gilashin kwamfutar ya riga ya tarwatse. Mai Shago yana ƙasa tsakanin tebur da bango, farar rigarsa ta rine, jini na zuba daga goshinsa yana shiga ido. Yaya ya take masa wuyan hannun dama da takalmi, yana dukan yatsun da gindin ƙugiyar. Na ji ƙarar ƙashi da kunnena. Maza sun cika ƙofa suna ba da haƙuri daga nesa, don duk wanda ya matso sai Yaya ya juyo masa da bakin ƙugiya, ya riga ya yage wa Rabi'u hannun riga har da fata. Shi kuwa na ƙasa ko hannu bai ɗaga ba, wai ba zai rama a kan wan wadda zai aura ba.

"Da gangan kay yi," Yaya ke faɗa, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana haki. "Kun cinye man gona, yanzu ka cinye man uwa."

Na faɗa kansa na riƙe ƙugiyar da hannu biyu. "Yaya, ni ta. Wallahi ni nic cire abin da ka kwahe kaya, shi bai sani ba."

"Ƙarya kika yi don ki hisshe shi."

Ya fizge, bakin ƙarfen ya tsaga mini tafin hannu, ya kwaɗa mini mari da bayan hannu har na bugi janareta. Kallabina ya faɗi cikin gilashi a gaban maza. Ganin haka ne ya sa Mai Shago ya yunƙura ya rungume ƙafafun Yaya da hannun da ya rage masa, Yaya ya sa gwiwa ya daki bakinsa, haƙori ya fita. Sai a lokacin mutane suka yi ta maza suka danne shi, suka fitar da shi yana turjewa, yana kiran Inna kamar ƙaramin yaro. Ni ma kuka nake, kuma ban san wanne daga cikinsu nake yi wa ba.

Shagon ya yi tsit. Can ƙarƙashin tebur wayar Mai Shago ta yi ƙara. Rabi'u ya ɗauko ya duba, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Saƙona ne na safe, yanzu ya iso.

An kai shi wani ƙaramin asibiti a cikin gari, aka ɗinke goshin, aka ɗaure hannun, likita ya ce yatsun sai abin da Allah ya yi. Ni ma aka naɗe mini tafi. A gida na yi wa Kaka bayanin komai, tana jan carbi ta ce ita cewa ta yi kada in kira, ba ta san har cikin na'ura ake kiran mutum ba. Yaya kuwa ya rantse a tsakar gida cewa in dai yana numfashi ba aure, kuma ƙafarsa ba za ta taɓa taka ruga ba.

Washegari da hantsi mahaifin Mai Shago, wanda nake kira Baffa, ya iso da motar haya. Dogon dattijo ne mai farin rawani, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Mutane suka ce a kai maganar ga hukuma, ya ce ba ya kai gidan da ya nemi aure ƙara. Ya tsaya a zaurenmu ya gaida Kaka, ina bayan ƙyaure ina ji.

"Abin da munka kawo ku bar shi sadaka," ya ce. "Ba mu da ƙorahi ga yarinya. Amma hannun da yak karya man ɗa shi ka riƙe da aurenta. In mai hannun bai taka har rugga ya nemi gahwara ba, to magana ta mutu nan."

Kaka ta yi ta roƙo, ya ce Allah ya ba mu alheri, ya fita. Na leƙa na ga motar a ƙofar gida, Mai Shago a kujerar baya, fuskarsa a kumbure, hannu rataye a wuya, ya sunkuyar da kai. Direba ya tada mota. Ban san lokacin da na fito ba, ba mayafi ba takalmi, ga Kaka a bayana, ga Baffa, ga mazan unguwa zaune a dakali. Na buɗe baki na kira shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Khalil!"

To, ga shi nan, kun ji. Kaka ta yi salati, Baffa ya kawar da kai. Khalil ya ɗago, ya dube ni da idon da ke iya buɗewa, sannan ya laluba aljihu da hagu ya jefo mini makullin shago ta taga. Bakinsa ya kumbura, da ƙyar na ji abin da ya ce.

"Memorin shina kan tebur. Kada kowa ya sa mai komi. Mai da makiyayi wurinshi."

Motar ta tafi. Na tsaya riƙe da makulli, sai maganarsa ta fara shiga kaina. Bijimi tebur kawai yake sharewa. Fayilolin suna nan kwance a cikin memorin, hanyar zuwa gare su ce ta ɓace, kuma matuƙar ba a ɗora sabon abu a kai ba Wule za ta iya bin sawunsu.

Na koma ciki na zura hijabi, Kaka na kirana ban waiwaya ba. A shago na share gilashi, na wanke jinin da ya bushe a kan kibod, Rabi'u ya ara mini allon kwamfutarsa. Memorin na tsinto shi a gefen kwalbar lemon da Yaya bai sha ba. Na buɗe tsohon fayil, na buga sunan harafi bayan harafi da hannun da ba ciwo, na ɗauko shi tare da Wule na kai su ɗakin masu ceto, na cire alamar tsallakewa. Waɗanda na riga na sauya na bar su da sababbin sunayensu, amma wannan ban sauya shi ba, kuma ba zan sauya ba. Na haɗa manhajar, na saki Wule.

Aiki ne mai jan rai. Aka yi sallar Juma'a aka dawo tana lalube. Hotuna suka fara fitowa, wasu rabi, wasu sun dagule, buhunan albasa, mashin ɗin Yaya yana sabo. Wajen la'asar wani fayil ɗin murya ya fito. Na danna, na ji tari, sannan muryar Inna a gajiye tana cewa Allah ya yi maka albarka, ka riƙe ƙanwarka da kyau. Na kashe da sauri na kifa kai a kan tebur, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da ita.

Na kwafe muryar a sabon memori, na kashe kwamfuta, na ƙulle memorin a bakin zanena. Ina rufe shago na ji tsayuwar mashin a bayana. Rabi'u bai iya riƙe magana ba, labari ya riga ya kai wa Yaya. Idanunsa sun yi ja, ƙugiyar tana rataye a hannun mashin, ko goge ta bai yi ba. Ya miƙo mini tafin hannu.

"An ce ta dawo. Ba ni."

Ban miƙa masa ba. Na ce masa ta dawo, na ji ta da kunnena, har da inda take cewa ya riƙe ni da kyau. Na ɗaga masa hannuna mai bandeji ya gani. Masu shaguna suka fara leƙowa.

"Inna tana nan wurina, Yaya. Amma ba ka jin muryarta nan. Sai Giwa Tazo, gaban Baffa, gaban Khalil."

Jin sunan daga bakina ya sa ya zabura. Ya sauko daga mashin ya shaƙi wuyan hijabina, ya ɗaga ɗaya hannun sama. Na rufe ido ina jiran saukarsa, na ce a raina ko zai kashe ni ba zan kwance bakin zanen nan ba. Na ji numfashinsa a fuskata, yana warin albasa da yunwa. Hannun bai sauko ba. Ya sake ni da ƙarfi har na bugi ƙofar shago.

Ya koma kan mashin, ya cire ƙugiyar ya yi jifa da ita cikin kwata. Ya buga mashin ya tashi, ya juya kansa wajen titin Maiyama, hanyar Giwa Tazo, ya zauna yana kallon gabansa, injin yana ta ruri. Bai ce in hau ba, bai kuma tafi ba.